Kwana Uku a Kan Tanki Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sayen fetur a bakin titi a Malanville ya san yadda abin yake. Mai sayarwa zai ɗauko kwalbar lita, ya kafa mazurari a bakin tanki, ya kife kwalbar, kuma komai iyawarsa sai 'yan ɗigo sun gangaro ta gefe. Wannan fetur na kwalba, wanda mutanen kudancin Benin ke kira kpayo, shi ne alƙalin masu fentin babur a garinmu. Idan aka sa tsumma aka goge tankin ya ci gaba da ƙyalli, mai fenti ya yi aikinsa. Idan kuwa tsumman ya taso da launi, ko wurin ya dushe ya fara danƙo, an cuci mai babur, ko da jiya-jiya ya karɓo kayansa suna ɗaukar ido.

A rumfar kawuna na fara sanin wannan, ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Rumfar kwano ce da bishiyar dogon yaro a gabanta, ba nisa da hanyar da manyan motoci ke bi zuwa gada. Daga reshen bishiyar wayoyi ke saukowa, a jikinsu ake rataye tankuna da marafan gefe da makarin taɓo, suna lilo a hankali kamar kayan shanya.

Garin namu garin bakin ruwa ne kuma garin iyaka. Kogin Kwara ne ya raba mu da Gaya ta Nijar, gadar da aka gina a 1958 ta haɗa mu. Tsofaffi sun san wurin da sunan Tassi tun kafin Faransawa su laƙaba masa sunan gwamnansu Henri Malan. Daga Kwatano mota kan ci fiye da kilomita 700, ta Paraku da Kandi, kafin ta iso mu, kuma idan aka cire Dantokpa ta Kwatano babu kasuwar da ta kai tamu a ƙasar. Kamba ta Jihar Kebbi ma ba nisa. Shi ya sa kusan kowane kayan aiki a rumfar Kawu suna biyu gare shi: ruwan da ake tsinka fenti da shi wani ya ce tina, wani ya ce diluwan, abin cike loɓa wani ya ce fila, wani ya ce mastik. Ana ciniki da Dendi, a yi gardama da Zabarmanci, a ƙarasa da Hausa.

Baburan wancan zamani na ƙarfe ne tun daga kai har wutsiya. Akwai Mobylette da Peugeot na Faransa, akwai Yamaha Mate, da Suzuki 100, da Honda CG 125 na masu hali. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar albasa idan ya sayi ɗaya, ya saya ke nan. Zai hau shekara goma sha biyar, ya bar wa ɗansa. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Wanda ke tara kuɗin sabon babur ya fasa, ya tura tsohon zuwa wurin makanike da mai walda da mai fenti. Ban taɓa ganin wayoyin bishiyar nan sun cika kamar a shekarun da suka biyo baya ba.

Amma komai yawan aiki, Kawu ba ya ba da tanki ƙasa da kwana uku. Idan mutum ya matsa, amsa ɗaya ce: "Alhaji, in sauri kake, ga masu goga can bakin kasuwa. Nan kwana ukku ne."

Ranar farko babu ko ɗigon launi a cikinta. Za a kwance tankin, a juye sauran fetur, a wanke shi ciki da waje da ruwan sabulu har sai warin ya tafi, domin tankin da ke da tururin fetur idan ya haɗu da wutar walda fashewa yake. Sai a kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito fili, a bi tsatsa lungu-lungu, musamman ƙasan tanki da gefen da aka naɗe, inda ido ba ya kaiwa. Loɓar da guduma za ta iya fitarwa a fitar da ita, wadda ta gagara a cike da mastik kaɗan-kaɗan. Kawu ya tsani mastik mai kauri, yana cewa girgizar hanya za ta tsaga shi kafin shekara ta zagayo. Daga nan sai samfefa: mai lamba 80 da ke cin ƙarfe, sannan 180, sannan 320, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. A ƙarshen yini a fesa jan maganin tsatsa, a bar shi ya kwana.

Rana ta biyu tawa ce. Bokitin ruwa da ɗan sabulu, samfefa mai lamba 600 ko 800 da aka jiƙa, sai gugar da ba ta ƙarewa. Kawu kan yi wa tankin ɗan yayyafin baƙin fenti kafin in fara, ya ce in goge har baƙin ya ɓace. Duk inda ɗigon baƙi ya maƙale, akwai rami a wurin da idona bai gani ba. Idan na ce na gama, sai ya zo ya rufe idanunsa, ya shimfiɗa tafin hannu a kan tankin, ya bi shi daga gaba zuwa baya. Sau da yawa yakan tsaya a wuri ɗaya ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ni kuma in sake tsoma samfefa a ruwa. Ya taɓa ce mini fenti ba ya rufe asiri, tona shi yake yi: duk abin da ka bari a ƙasa, ƙyalli zai nuna wa duniya shi.

Feshin kansa, wanda shi kaɗai mutane ke tsayawa kallo, bai fi na awa ɗaya ba. Da an fito sallar asuba ake yin sa, kafin iska ta tashi, kafin manyan motoci su fara tayar da ƙura. Mu yara mu yayyafa ruwa a ƙasa ko'ina. Kawu ya tace fenti da tsohon ɗankwali mai laushi, ya gwada bindigar a jikin kwali har feshin ya buɗe daidai. Kwamfuresarsa ta injin tsohon firji ce da aka haɗa da tukunyar gas. Kafin ita, ya ce, da famfon filit na kashe sauro suke fesa kekuna. Yakan riƙe bindigar taƙi ɗaya daga jikin ƙarfe, hannunsa ya fara tafiya kafin ya danna, ya wuce ƙarshen tankin kafin ya saki, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Shafin farko siriri ne, ana hango ƙasa ta cikinsa. Sai ya ajiye bindigar ya sha shayi na minti goma ko sha biyar, sannan na biyu, sannan na uku.

Kowane kuskure da sunansa. Wanda ya kusanto da bindiga ko ya yi nawa, fentin zai taru ya gangaro, wannan shi ne hawaye. Wanda ya nisanta ko ya bar fentin da kauri, jikin zai fito gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Kowane lokaci na shekara kuma da irin fitinarsa. Da hunturu ƙura ce, mai laushi kamar gari, da ke sauka a kan ɗanyen fenti ko an rufe ko'ina. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, feshin kan bushe a iska kafin ya isa ƙarfe, ya zauna kamar yashi. Da damina kuwa raɓar kogi ke shiga, launin ya yi fari-fari kamar madubin da aka hura wa numfashi. Kawu ya fi son safiyar kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya sauko.

Akwai ranar da ban manta ba. Na ci ƙosai da safe, na goge hannu a riga, na ɗauki tankin wani malami da aka gama gogewa na rataye. Da Kawu ya fesa, sai fentin ya riƙa gudu daga wasu wurare yana barin ƙananan ramuka zagayayyu, abin da ake kira idon kifi. Maiƙon yatsuna biyar ne ya fito, ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya dubi tankin, ya dubi hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya jira fentin ya bushe, ya miƙo mini samfefa ya ce, "Ɗana, mu koma farko." Da malamin ya zo da yamma, Kawu ya faɗa masa gaskiya cewa aikin ya ɓaci a hannunmu, ya roƙi ƙarin kwana biyu, bai kuma ƙara masa ko dala ba. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon tanki da yake ajiyewa domin irin wannan, ya ɗaura masa a babur don kada ya rasa abin zuwa makaranta.

Fentin wancan lokaci na selulos ne, irin wanda kamfanin DuPont na Amurka ya shigo da shi masana'antar mota a shekarun 1920 da sunan Duco. Yana bushewa da wuri saboda tinar cikinsa ce kawai ke tashi ta bar launi, amma abin da tina ta narkar, fetur ma na iya taɓa shi. Shi ya sa Kawu kan gargaɗi mai babur ya naɗa tsumma a bakin tanki duk lokacin da za a zuba masa mai. Wajen ƙarshen shekarun 1990 sai berni mai gwangwani biyu ya iso mana, dabarar da kamfanonin mota suka koma kanta tun shekarun 1980: a fesa launi siriri marar ƙyalli, a rufe shi da wani ruwa garai-garai wanda ake haɗawa da maganin sandarewa, yawanci kashi biyu da kashi ɗaya, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Wannan ba bushewa kawai yake ba, sinadaran biyu ne ke kama juna su zama abu ɗaya mai tauri, wanda fetur ba ya narkarwa. Idan aka haɗa shi kuma ba a jira, cikin 'yan awoyi zai daskare ko a cikin bindiga ne. Kawu ya je Paraku ya zauna mako guda wurin wani mai fentin motoci ya koyo shi. Bayan kwana ɗaya ko biyu da feshi sai a bi bernin da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 1500 da 2000, a goge da man sheƙi, har mutum ya ga fuskarsa da ganyen dogon yaro a jikin tanki. Ranar da ya gama na farko, ya ɗauko kwalbar fetur ya tsiyaya a kai da gangan, a gaban jama'a, ya goge. Tsumman ya fito fari.

Ina ganin a wannan ɗan tsakanin sana'ar ta kai ƙololuwarta a garinmu: tsohon haƙuri ya haɗu da sabon sinadari. Bai daɗe ba.

Da shekarun 2000 suka kama, baburan Sin suka cika kasuwa: Jincheng, Sanili, Dayang, Haojue, a tsallaken Nijar kuma Kasea. Daga baya na Indiya suka biyo, TVS da Bajaj Boxer, wanda ya zama jakin zamani. Ba zan taɓa cewa wannan sharri ne ba. Na ga manomin shinkafa da bai taɓa mafarkin hawa babur ba ya sayi nasa da kuɗin girbi. Na ga mai naƙuda daga ƙauyukan Garu da Madekali ta isa asibiti a kan lokaci. Samari da yawa da za su tafi ci-rani sun zauna gida suna kabu-kabu, suna ciyar da iyaye. Wanda ya tuna yadda ake tafiya Karimama a da ba zai raina wannan ba.

Sai dai a rumfar mai fenti lissafi ya juye. Marafan gefe da makarin taɓo suka koma roba, idan sun fashe a jefar a sayi wasu. Sabon tanki da fentinsa da sitikarsa ya zo yana gogayya da kuɗin gyaran tsoho. Babur ya daina zama abin gado, ya zama abin da za a mora shekara uku ko huɗu a sayar. Wa zai kashe kwana uku a kan tankinsa? Gwangwanin feshi na hannu, wanda wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya ƙirƙiro a 1949, ya cika shagunan kayan gyara, kowa ya zama mai fentin kansa. Dillalan tsofaffin babura suka gano cewa da gwangwani biyu da sitika za a iya mayar da gajiyayyen babur amarya tsakanin azahar da la'asar, a fesa a kan tsatsa da maiƙo da komai. Kyan ɗan maciji ke nan, kwalbar fetur ta farko za ta tona shi. A kan roba ma abin ya fi muni, domin robar da ake irin waɗannan marafai da ita ba ta riƙe fenti sai an fara shafa mata nata maganin kamawa. Ba tare da shi ba, launin zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Araha ba ta ado, amma araha ce ta ci kasuwa.

Kawu ya koma fentin ƙofofin ƙarfe da gadaje da tagogi. Yaransa suka watse, wasu suka kama kabu-kabu, ni kuma karatu ya ɗauke ni. Duk zuwan da zan yi gida sai in tarar wayoyin bishiyar sun ragu, tarinsa kuma ya ƙaru. Da dare ya fi tsananta, ƙirjinsa na kuka kamar ana busa sarewa. Shekara da shekaru abin da ya sani na kariya shi ne ƙyalle a hanci da gwangwanin madara bayan aiki, kamar yadda kusan duk masu fenti suka gada, wai madara na wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, feshi kuwa huhu yake shiga. Ba sa haɗuwa a hanya. Sai bayan rasuwarsa na karanta na gane cewa maganin sandarewar nan da ya ba shi alfahari yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda a ƙasashe irin su Ingila ake lissafa shi cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata cutar asma, masu fentin mota kuma suna sahun gaba. Mafi yawan hazonsa ido ba ya gani, yana kuma daɗewa a iska bayan an ajiye bindiga. Idan jiki ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ya isa ya toshe wa mutum numfashi. Abin ya daɗe yana taɓa zuciyata da na san cewa ita kanta bindigar feshi daga kayan likita ta samo asali: Dokta Allen DeVilbiss na birnin Toledo ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaro, ɗansa Thomas ya mayar da shi na fenti a 1907.

Yanzu kuma zamani ya sake juyawa. A watan Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, kwalbar kpayo ta yi tsada. Ranar 26 ga Yulin shekarar sojoji suka karɓi mulki a Yamai, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka rufe gada, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci a kan hanyar Kandi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma da na je gida a wannan shekarar gadar na nan a toshe ta ɓangaren Nijar. A lokacin mutane da kaya sun koma kwalekwale, babura ne ke jigila daga tasha zuwa bakin ruwa, wani lokaci har su kansu a ɗora su a jirgi a tsallaka da su. Kuɗi ya yi wuya, sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa. Tsofaffin Boxer da a da za a sayar wa masu gwangwan, yanzu walda ake musu, a sake musu fenti. Irin abin da ya faru bayan 1994 ne ya dawo, sai dai bai tarar da irin mutanen da ya bari ba.

A wannan zuwan na tsaya a wani shagon fenti na kusan awa biyu ina kallo. Kayan aikinsu sun fi na Kawu nesa ba kusa ba: kwamfuresa ta gaske, bindiga mai kyau, launuka masu ƙyalƙyali da bai taɓa gani ba. Maigidan saurayi ne mai hannu, layinsa na tafiya daidai, babu hawaye. Amma tankin da safe aka kawo shi, da la'asar za a karɓa. An ɗan bi shi da samfefa ɗaya, ba a taɓa ƙasansa ba. Na ce masa, "Maigida, ƙasan nan fa da tsatsa." Ya ce, "Baba, na gani. Mai shi ɗan kabu-kabu ne, kullum sai ya kai wa mai babur kuɗinsa da dare. In na riƙe shi kwana ukku, mi za shi ci?" Ban sami abin da zan ce ba, domin gaskiya ya faɗa. Na dai ba shi labarin tankin aro da Kawu ke ajiyewa. Yau da kusan kowa Boxer yake hawa, tanki biyu ko uku na aro sun isa shago guda, mai babur ya ci gaba da nemansa, mai fenti ya sami kwanakinsa. Ya yi shiru, ya ce zai duba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne yaron da ke riƙe masa kaya. Bai wuce shekarun da nake da su a rumfar Kawu ba. Don gudun ƙura, a cikin ɗaki suke fesa berni, ƙofa a rufe, an toshe taga da leda. Yaron ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, shi ke nan. Da suka fito gashin idonsa ya yi fari da feshi, maigidan ya miƙa masa kuɗi ya ce ya je ya sayo madara. Mu a da ko ba komai a fili muke aiki, iskar kogi na kwashe rabi, kuma shekarun farko selulos ne. Wannan yaron da mafi haɗarin sinadarin ya fara, a cikin rufaffen ɗaki.

Ƙyalle ba ya tare wannan hazo, takunkumin takarda irin na asibiti ma ba ya tarewa. Abin da masana suka fi yarda da shi shi ne abin rufe fuska mai jawo iska mai tsabta ta tiyo daga waje. Inda hakan ya gagara, mafi ƙaranci shi ne takunkumin roba mai matatar gawayi biyu, wanda ya kama fuska sosai, ana canza matatar a kan kari, tare da safar hannu, da fanka mai fitar da iska waje, kuma duk wanda ba shi ne ke feshi ba ya fita daga ɗakin, kada ya dawo sai hazon ya washe.

Ina roƙon iyayen gidan wannan sana'a, na Malanville da Gaya da Kamba da duk inda ake rataye tanki a waya: kafin ku sayi sabuwar bindiga, ku sayi takunkumi biyu, ɗaya naku, ɗaya na yaron da iyayensa suka damƙa muku amana. Kai kuma mai babur, ranar da ka kai tankinka, ka karɓi na aro ka ba su kwana ukun, sannan ka leƙa ciki ka ga abin da ke fuskar yaron da zai riƙe maka shi.